KUMBURI GA JIKIN BISA: MI KE KAWO SHI, KUMA YAUSHE NE YAKE ZAMA HAƊARI?



Darasinmu na wanga karo a kan kumburi yake. Duk wanda ya taɓa bin garke da sanda ya san shi. Zuma ta harbi maraƙi ga fatar ido, kafin a iso gida idon ya rufe. An yi ma saniya allura, wurin ya taso kamar ƙwan zabuwa. Tunkiya ta rame, wata safiya a tarar ƙarƙashin haɓarta ya cika da ruwa. Ga ido duka kumburi ne, amma ba iri guda ba ne. Akwai wanda ke sacewa da kansa ba tare da magani ba. Akwai wanda ke kashe bisa kafin a gama dafa shayi. Akwai kuma wanda ke tona asirin wata cuta da ta ɓuya cikin garke. Wanda ya san abin da ke gudana ƙarƙashin fata, shi ne ke iya rarrabe su, shi san wanda za a bari da wanda za a ruga gidan likita dominsa.

1. JIJIYOYIN JINI DA SHIMFIƊARSU

Saniya Azawak mai nauyin kilo 300 tana ɗauke da jini kusan lita 18 zuwa 20, wato kamar cikin jarka guda ta ɗibar ruwa. Wanga jini yana yawo cikin jijiyoyi. Kun san manyan, kamar ta wuya wadda likita ke ɗibar jini daga gare ta, da ta ƙarƙashin ciki wadda ke fitowa fili ga saniya mai nono. Waɗanga manyan suna rarrabuwa kamar rassan gawo, ƙanana su haifi ƙanana, har a kai ga waɗanda suka fi gashin wutsiya siranta nesa ba kusa ba, ido ba ya ganinsu sai da madubin likita.

Kowace jijiya, babba ko ƙarama, an shimfiɗe cikinta da wasu ƙwayoyin halitta masu faɗi, sirara ƙwarai, jeri guda tak, gefen wagga na kama gefen waccan kamar tubalin da magini ya jera bai bar kafa ba. A makaranta sunansu andoteliyom. A cikin wanga darasi za mu kira su shimfiɗar jijiya.

Shimfiɗar nan tana da aiki uku. Tana tsare ruwan jini kada shi zube cikin nama. Tana hana jini daskarewa yana cikin tafiya. Tana kuma zaɓen abin da za shi fita da abin da za shi tsaya: abinci da iska su wuce zuwa nama, ƙwayoyin jini da sinadarai masu kauri su tsaya ciki. To ku riƙe wagga magana tun yanzu: mafi yawan kumburin da kuke gani ruwa ne da ya tsere daga jijiya ya taru ƙarƙashin fata. Tambayar da likita ke yi ma kansa kullum ita ce, mi ya sa ruwan ya fita?

2. ƳAN GADIN DA KE ZAUNE BAKIN JIJIYA

A wajen ƙananan jijiyoyi, dab da bangonsu, akwai wasu ƙwayoyin halitta na daban. Wani ɗalibin likita Bajamushe, Paul Ehrlich, shi ya bayyana su a shekarar 1878, yana da shekara 24. Da ya shafa musu rini ya duba, sai ya gan su cike maƙil da tsaba, ya yi zaton abinci ne suka ci suka ƙoshi. Sai ya laƙaba musu sunan da Jamusawa ke kiran kiwon turke da shi, kamar a ce ƙwayoyin da aka turke. Daga nan aka samo sunan mastosit da muke amfani da shi. Daga baya aka gane tsabar nan makamai ce, su kuwa ƴan gadi ne, kuma haka za mu kira su.

Ana haihuwar ƴan gadin nan cikin ɓargon ƙashi. Suna shiga jini tun ba su ƙosa ba. Shimfiɗar jijiya ce ke tare su, ta buɗe musu hanya su fita, kuma tana cikin masu ba su sinadarin da ke sa su girma su rayu. Sai su zauna nan kusa da ita wata da watanni. Sun fi yawa inda jiki ke gamuwa da duniya: fata, hanci da huhu, bangon hanji. Kenan shimfiɗa ce ta yi renon ɗan gadi, amma ranar da aka kawo hari, ɗan gadi ne ke ba shimfiɗa umurni.

Mi ke cikin burgamin ɗan gadi? Akwai histamin, wanda ke buɗe jijiya. Akwai heparin, mai hana jini daskarewa. Akwai kuma wasu sinadarai masu daddatsa dafi da nama. A shekarar 1953 ne masu bincike biyu, Riley da West, a garin Dandi na ƙasar Sikotilan, suka tabbatar da cewa histamin na jiki cikin waɗanga ƙwayoyi yake ajiye. Cikin abubuwan da suka yi awo da su har da tantanin huhun sa da na hantarsa, domin ƴan gadi sun yi yawa a wurin.

3. ABIN DA KE FARUWA IN AN TAƁA ƊAN GADI

Mu ɗauki misalin bobuwa ta ciji saniya, ko zuma ta harbe ta.

Da farko, cikin ƙiftawa da bisimilla, ƴan gadin wurin suna zazzage tsabarsu.

Na biyu, ƙananan jijiyoyi suna buɗewa, jini ya ƙaru a wurin. Shi ya sa in ka aza hannu kake jin zafi. In wurin farar fata ce, kamar hantsa ko ƙarƙashin wutsiya, za ka ga ya yi ja.

Na uku, histamin yana sa ƙwayoyin shimfiɗa su takure, kowace ta janye gefenta daga na maƙwabciyarta. Kafa ta samu tsakanin tubali da tubali, ruwan jini ya fita. Ga kumburi ya taso. A shekarar 1961 wasu masana biyu a Amurka, Majno da Palade, sun zuba baƙar tawada cikin jinin ɓera, suka sa histamin ga namansa, suka ga tawadar ta maƙale daidai waɗanga kafofi, cikin ƙananan jijiyoyin da ke mayar da jini wajen zuciya. In abin da ya tsokano ƴan gadi ya wuce, kafofin suna rufewa cikin kamar rabin awa. Ruwan da ya riga ya fita kuwa sai jiki ya janye shi sannu-sannu, yini guda ko biyu.

Na huɗu, fuskar shimfiɗa tana yin danƙo. Fararen ƙwayoyin jini, waɗanda su ne sojojin jiki, suna wucewa sai su dinga mirginawa a kanta, su maƙale, su kutsa ta tsakanin tubali su fita fagen fama. Wanga yana ɗaukar awoyi. Mugunyar da kuke gani cikin maruru galibinta gawarwakin waɗanga sojoji ce.

Na biyar, histamin yana taɓa jijiyoyin ji, sai ƙaiƙayi ya taso. Bisa ta lashi wurin, ta kaɗa wutsiya, ta goga jikinta ga icce.

Daga baya, in akwai rauni, ƴan gadi suna cikin masu sa shimfiɗa ta tsiro da sababbin jijiyoyi. Jan naman nan mai ɗanshi da ke cika gyambo in ya kama hanyar warkewa, cike yake da su.

Kun ga kenan ƙaramin kumburi mai zafi aiki ne jiki ke yi. Ruwan da ya fita yana surka dafi, yana kawo garkuwar jini inda ake bukatarta. A shekarar 2006, a jami'ar Sitanfod ta Amurka, an gwada da ɓeraye aka ga sinadaran ƴan gadi suna lalata wani sashe na dafin wasu macizai da na zuma, ɓerayen da ba su da ƴan gadi kuwa dafi kaɗan ke kashe su. Amma kada wani shi dogara da wanga in kububuwa ko kasa ta sari bisarsa. Dafinsu yana yaga jijiya da kansa, ya fi ƙarfin ƴan gadi. A nemi likita.

4. KASKA DA TSUTSAR CIKI

Akwai wuri biyu da wanga aiki ke sa ma makiyayi kuɗi aljihu ba tare da ya sani ba.

Na farko kaska. Kaska tana bukatar kwanaki tana manne tana shan jini, saboda haka yawunta na ɗauke da sinadarai masu kwantar da ƴan gadi, har da wanda ke kama histamin shi ɗaure. Karon farko da ta kama maraƙi takan sha ta ƙoshi. Amma jiki yana koyo. In aka sake, ƴan gadi da wasu ƴan uwansu da ke zuwa daga cikin jini suna taruwa wurin cizon, su cika shi da histamin. Ruwa ya kwararo, ƙaiƙayi ya taso, saniya ta lashe ƙananan kaska, wasu su saki su faɗi ba su ƙoshi ba. Binciken da aka yi a Ostareliya da Barazil ya nuna shanu masu tozo sun fi shanun Turai iya wanga faɗa. Azawak da ake zaɓen irinta a tashar Tukunus, arewa da Filinge, tun shekarar 1954, mai tozo ce. Bororo da Jalli ma haka. Wanda ya sayi ruwa-biyu mai jinin Turai don yawan nono, shi san cewa ya ƙara ma kansa aikin cire kaska. A cikin garke guda ma za ku lura akwai saniyar da kullum ita kaska ke lulluɓewa, akwai wadda ba ta ɗauka sai kaɗan. Wanga hali ana gadonsa, sai ku tuna da shi ranar zaɓen bijimin da za shi hau garke.

Na biyu tsutsar ciki. Akwai wata jar tsutsa siririya da ke zama cikin ciki na huɗu na tumaki da awaki, tana yawaita da damina. Kowace guda tana shan kusan ɗigon jini guda a yini. In sun kai 5.000, tunkiya tana asarar kusan rubu'in lita kowace rana. Ga bisa babba mai ƙoshi, ƴan gadi suna ninkuwa cikin bangon ciki, su buɗe jijiyoyi, ruwa da majina su kwararo, hanji shi ƙara motsi, a kore tsutsa da yawa waje. Amma ƴan raguna da ƴan awakin da ba su kai wata 6 ba, jikinsu bai koyi wanga ba tukuna. Uwa mai tsohon ciki ko sabuwar haihuwa ita ma ƙarfinta yana raguwa. Bisa mai yunwa kuwa ba ta da abin da za ta ƙera sojoji da shi. Shi ya sa harawar wake, ƙaron gyaɗa, ƴaƴan gawo, dussa da angurya da kuke ba su ƙarshen rani suke cikin maganin tsutsa. Maganin tsutsa na kwalba kuwa a fara ba ƙanana da masu shayarwa.

5. RANAR DA ƳAN GADI SUKA WUCE GONA DA IRI

Yanzu mun zo inda haɗari yake.

Wani lokaci jikin wata bisa yakan ɗauki abin da ba maƙiyi ba ne a matsayin maƙiyi: wani maganin allura, wani abu da ke cikin ruwan rigakafi, ko dafin zuma. Karon farko ba a ganin komi. Amma a ɓoye jiki ya ƙera wata garkuwa ta musamman, ya rarraba ma ƴan gadi duka, kowane ya rataya ta ga jikinsa kamar an ɗana tarko. Ranar da abin ya sake shiga jini, ƴan gadin jiki gaba ɗaya sai su zazzage tsabarsu lokaci guda. Abin da ya kamata shi faru wuri guda mai faɗin tafin hannu, sai shi faru ko'ina. Jijiyoyi duka su buɗe, ruwa shi tsere daga cikinsu, jinin da ke komawa zuciya shi kasa. Faransawa biyu, Richet da Portier, su suka bayyana wanga a shekarar 1902, bayan sun ga kare ya jure dafin wata halittar teku karon farko, amma da aka sake ba shi ɗan kaɗan bayan makonni, ya mutu cikin ƙasa da awa guda. Suka sa ma abin suna anafilaksi.

Ga shanu, tumaki da awaki, huhu ne ke fara shan wahala. Hanyoyin iska suna matsewa, ruwa yana cika huhu. Alamomin suna bayyana cikin mintoci kaɗan, galibi kafin rabin awa bayan allura ko harbi:

- bisa ta rikice, ta kasa tsayawa wuri guda, jiki na makyarkyata;
- numfashi da sauri da ƙyar, baki buɗe, wuya miƙe, wani lokaci da tari;
- dalala da hawaye, kumfa ga hanci ko baki;
- fatar ido, leɓɓa, kunnuwa ko matuci su kumbura nan take;
- borin jini, wato taswirar kumburi faffaɗa ga wuya da haƙarƙari, gashi a tsaye a kansu;
- ciki shi kumbura, zawo ko fitsari ba shiri;
- daga ƙarshe ta yi tangaɗi ta faɗi.

Maganin wanga guda ne, sunansa adirenalin. Yana matse jijiyoyin da suka buɗe, yana buɗe hanyoyin iska, yana ƙarfafa zuciya, yana kuma kwantar da ƴan gadin da ba su riga suka zazzage ba. Likita ne ke auna shi gwargwadon nauyin bisa. In an yi shi da wuri, saniyar da ta faɗi takan miƙe cikin ƴan mintoci. Magungunan kashe kaifin histamin da dekisametazon suna zuwa daga baya don taimako, ba su maye gurbinsa. Ku kuma kiyaye: dekisametazon yana sa saniya, tunkiya ko akuya mai tsohon ciki ta yi ɓari. Kada wanda ya saye shi a kasuwa ya soka ma bisa mai ciki.

Kafin likita shi iso, ga abin da mai bisa za shi yi. A kwance igiyar wuya. A kai ta inuwa in tana iya tafiya, ba tare da kora ko duka ba. In ta kwanta, a tallabe ta ta zauna bisa ƙirjinta, kada a bar ta kwance ta gefe, domin tumbi na iya kumbura shi danne huhu. Kada a ɗura mata komi, ko ruwa, ko jiƙo, ko mai: bisar da ke kokawa da numfashi, abin da aka ɗura mata huhu yake tafiya. In zuma ce, a nisantar da garke daga wurin, a kankare ƙarin da bayan wuƙa, a zuba ruwan sanyi.

Wanga abu ba kasafai yake faruwa ba. Ana iya yi ma dubban bisashe allura ba a gamu da shi ba ko sau guda. Ciwon huhu kuwa in ya shiga garken da ba a yi ma rigakafi ba, ba bisa guda yake ɗauka ba. Kada labarin saniya guda da ta faɗi a shingen allura shi sa rugga guda ta ɓoye garkenta.

6. YADDA ZA KU RARRABE KUMBURI

Ku yi ma kanku tambaya huɗu. Yaushe ya taso, cikin mintoci ko cikin kwanaki? Da zafi ko da sanyi? In an danna da babban yatsa, yana lotsawa ko yana da tauri? Bisa tana ci, ko ta bar kiwo tana zazzaɓi?

a) Ƙaramin kumburi wurin cizo ko allura, bisa na ci tana tuƙa. Aikin ƴan gadi ne na yau da kullum. A bar shi. Ba tsaga, ba sakiya, ba lalas.

b) Borin jini kaɗai, numfashi lafiya. Yakan sace cikin awoyi ko yini guda zuwa biyu. A sa ido ga numfashi, a kuma shaida ma likita. Kada a rikita shi da ciwon gudajin fata na shanu, wanda gudajinsa ke da tauri, suna zuwa da zazzaɓi, suna ɗaukar makonni, wasu su ɓurme su bar rami.

c) Kumburin fuska tare da wahalar numfashi jim kaɗan bayan allura ko harbi. Anafilaksi ne. Minti guda ma tsada gare shi.

d) Kumburi mai tauri da zafi wurin allurar rigakafin ciwon huhu, wanda ya taso bayan mako guda zuwa uku yana ƙara faɗi. Yakan faru ga wasu shanu, galibi waɗanda karonsu na farko kenan. Yana da magani in an kawo labari da wuri. Kada a jira shi mamaye kafaɗa da ƙirji.

e) Kumburi mai sanyi, mai taushi, marar ciwo ƙarƙashin haɓa, ga bisa ramammiya. A nan ba wanda ya buɗe kafofin shimfiɗa. Jinin ne ya tsinke, ya rasa sinadarin da ke riƙe ruwa cikin jijiya, saboda tsutsar ciki, ko ciwon hanta ga waɗanda suka yi kiwo cikin fadama da bakin kogi, ko yunwa. A janye fatar ido ta ƙasa a duba: in ta yi fari maimakon ja, jini ya ƙare. Maganin tsutsa da abinci mai kyau ake bukata.

f) Kumburi mai zafi da ciwo ga maƙogwaro yana gangarawa ƙirji, da zazzaɓi mai tsanani da dalala, galibi farkon damina. Ciwon maƙogwaro ne, yana kisa cikin yini guda ko biyu, yana kuma yaɗuwa. A ware bisar, a kira likita ranar nan.

g) Kumburi ga cinya ko kafaɗar ɗan bijimi ko karsana mai ƙiba, da ɗingishi, in an shafa ana jin ƙaras-ƙaras kamar iska ƙarƙashin fata. Harbin daji ne.

h) Mutuwar farat ɗaya, ko da kumburi ko babu, baƙin jini marar daskarewa na fita ta hanci da dubura. A ɗauka ciwon saifa ne har likita shi ce ba shi ba ne. Ba a feɗewa, ba a cin naman, ba a ɗaukar fatar, domin yana kama mutum.

Akwai kuma ruwan da ke taruwa inda ido ba ya gani. Kaskar nan mai zane ga baya, wadda garken da ya gangara kudu wajen Gaya ke gamuwa da ita farkon damina, tana ɗauke da wata ƙwayar cuta da ke shiga cikin shimfiɗar jijiya kanta ta zauna. Jijiyoyi su dinga yoyo cikin jakar zuciya, ƙirji da ƙwaƙwalwa. Bisa ta yi zazzaɓi, ta dinga kewaya wuri guda, ta faɗi tana shure-shure. Ciwon ruwan zuciya kenan. Ƙwayar ma sunan Ehrlich ɗin nan aka sa mata don girmamawa. Bisashen arewa da ba su saba da wagga kaska ba sun fi kamuwa, kuma magani yana ci ne kawai in an fara shi tun zazzaɓi, kafin bisa ta faɗi.

7. DOKOKI BAKWAI NA RANAR ALLURA

1) A kawo garke da sanyin safiya, a bar su su huta, a ba su ruwa. Bisar da aka koro da gudu cikin rana numfashinta ya riga ya hau, ba a gane alama da wuri.

2) Bayan allura kada a kaɗa garke daji nan take. A tsaya kusa da shinge rabin awa, yaro guda yana zagayawa yana duba fuska da numfashi. Wanda ya yi nisan kilomita biyu kafin saniyarsa ta faɗi, ya bar maganin a bayansa.

3) Bisar da ta taɓa yin borin jini ko ta faɗi bayan wata allura, a yi mata shaida, a faɗa ma likita kafin shi taɓa ta, a kuma tuna sunan maganin. Karo na biyu yakan fi na farko muni.

4) Ku tambayi mai allura ko yana da adirenalin cikin akwatinsa. Ba rashin kunya ba ne, haƙƙinku ne.

5) Magungunan da aka fi gani suna tayar da ƴan gadi sun haɗa da penisilin da oksitetarasikilin, wanda kuka fi sani da Terramycine. Mai dogon aiki cikin tsoka ake yinsa, kuma a rarraba: kada a wuce sese 10 wuri guda ga babbar saniya, sese 5 ga tunkiya ko akuya. Soka magani cikin jijiyar wuya aikin likita ne, domin in an tura shi da sauri bisa na iya faɗuwa nan take.

6) Kada a gauraya magani biyu cikin sirinji guda. Kada a yi aiki da kwalbar da ta sha rana bisa tabarmar kasuwa, ko wadda wa'adinta ya wuce, ko wadda ba takarda jikinta. Rigakafin da ke fitowa daga Labosel ta Yamai cikin sanyi ake riƙe shi tun daga can har bakin shinge, in ya yi zafi ya lalace.

7) A tafasa allura da sirinji. Kumburin da ya zama maruru bayan kwana huɗu ko biyar, galibi dauɗar allura ce ta kawo shi.

8. TAMBAYOYI DON TATTAUNAWA

Waɗanda suka iya karatu su karanta ma sauran, a bakin rijiya ko wurin taron ƙungiya, sannan a amsa tare:

- Mi ya sa wurin da zuma ta harba ke yin zafi kuma shi kumbura?
- Ƙaƙa za ka bambanta kumburin haɓa na tsutsar ciki da na ciwon maƙogwaro?
- Don mi ba a ɗura ma bisar da ke wahalar numfashi?
- Minti nawa ya kamata garke shi tsaya kusa da shinge bayan allura?
- Cikin garkenka, wace saniya ce kaska ta fi kamawa, wace ce ba ta kamawa? Ɗiyansu fa?

Wanda ya ga kumburin da bai gane ba, shi lura da lokacin da ya fara, da abin da aka yi ma bisar kafin nan, shi kai labari ga ma'aikacin kiwo mafi kusa, ko a Filinge, ko Bankuku, ko Abala, ko Baleyara. Da waɗanga bayanai biyu likita ke sanin abin da za shi ɗauko cikin akwatinsa tun kafin shi taso.

Allah shi tsare garke, shi ba mu damina mai albarka.